Ranar da Komanda Hamadu Ya Durƙusar da Jirgi

Allah Ya ba ni tsawon rai fiye da yadda na zata, Ya kuma bar mini hankalina. Shi ya sa na ce bari in rubuta tafiyar da muka yi zuwa Gabon, ni da ƙanena Laminu, tun idona yana ganin layi. Bokona bai wuce ƴan azuzuwan lakwal na Belbeji ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Shekarar da muka bar gida, fari ne ya cinye dabbobin kwarin Tarka. Abu ɗaya zan faɗa game da ita, domin zai dawo a gaba. Duk wanda ya yi kiwo a Damargu ya san saniyar da yunwa ta ci, in ta kwanta ba ta tashi da kanta. Kowace safiya ni da Laminu mukan zagaya garke, shi ya kama ƙaho, ni in kama wutsiya, mu ɗaga wadda ta kwanta har ta tsaya da ƙafafunta. In ta tsaya sai mu kora ta, ba ma barinta ta huta sai ta kai rijiya. Wadda muka tausaya wa muka bari ta durƙusa a hanya, nan ungulu ke samunta. Da wannan sani na girma, cewa abin da ya raunana ba a barinsa ya kai ƙasa, tura shi ake yi har ya isa ruwa.

Da garken ya ƙare, ni na ce mu tafi. Laminu bai so ba, don bai daɗe da auren Dije ba, kuma Inna ba ta son jin maganar tafiya. Babanmu ya bi hanyar Libiya muna ƙanana, bai dawo ba, ba a kuma samu wanda ya ce ya ga gawarsa ba. Inna ta tsufa ba ita ce matar aure ba, ba ita ce bazawara ba. Ba ta yi takaba ba, ba ta kuma daina ɗaga kai in ta ji ƙarar mota ba. Amma ni ne babba, na matsa, ya biyo ni.

A Kalaba, bakin teku, wani mai Hausar birni ya tarbe mu da "ƴan'uwana, sannunku da hanya." Ya karɓi takardunmu ya ce zai kai a buga hatimi. Har yau bai dawo ba. Muka yi kwanaki a gindin wata rumfa, wata mata mai soya ayaba, wadda ba ma jin yarenta, ta riƙa tura mana na ƙasan kasko ba ta ce a biya ba. Daga baya muka samu wani babban kwale-kwale aka cusa mu ciki kamar buhunan gawayi. Laminu bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Ya yi amai har ya rasa abin amayarwa, ya kwanta a cinyata yana cewa, "Yaya, in na mutu a nan kada ka bari su jefa ni. Ka riƙe ni har ƙasa." Na ce masa ya daina maganar banza.

A Libarbil mun yi gadi, mun yi dakon ruwa, mun yi gudun jandarma a lunguna. Sai wani ya zo yana neman ƙarfafan maza don shantiye na yankan katako can cikin daji, inda ba mai tambayar takarda. Muka shiga kamiyo, babbar motar kaya.

Ban san yadda zan kwatanta wa mutumin Tanut wannan daji ba. A wurinmu in ka tsaya bayan gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. A can ba ka ganin abin da ya wuce jifa. Itatuwa sun rufe sama, ba ka ganin fitowar rana balle faɗuwarta, lokacin salla ma sai da kintace. Laminu yakan ce, "Yaya, ƙasar nan ba ta da nesa." Ruwa kuwa kullum, har tabarma ta yi funfuna. In ya fara zuba sai ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Dubi asara. Da ana ɗaure shi a buhu da na aika wa Inna." Abincinmu rogo ne da ake naɗewa a ganye, mai warin tsami. Na sha yin mafarkin fura.

Aikinmu shi ne ɗaura igiyar ƙarfe a jikin gungumen da aka sare, inji ya ja shi zuwa hanya.

Shantiyen yana da ɗan fili da aka share, inda ƙaramin jirgin sama mai farfela ɗaya a hanci yake sauka da magani da kayan inji. Matuƙinsa Bafillace ne daga arewacin Kamaru, dogo, siriri, sunansa Hamadu, amma kowa Komanda yake ce masa. Ranar da ya fara ganinmu muna sauke kaya, ya dubi tsagar fuskarmu ta Dagirawa, ya gane jinin Barebari ne, abokan wasan Fulani. Sai ya daka tsawa da Hausa:

"Wa ya saki bayina a cikin dajin nan ban sani ba?"

Na yi tsaye baki buɗe, don na daɗe ban ji Hausa daga bakin baƙo ba. Laminu ne ya amsa.

"Bafillace, ina shanun? Ka sayar ka sayi tsuntsu?"

"Tsuntsun nan ya fi ku tsada, kai da yayanka da garinku."

"Ana tatsarsa?"

Komanda ya yi dariya har ya dafa fiffike. Tun daga ranar, duk zuwan da zai yi sai ya neme mu ya zage mu, mu rama. Wata rana ya jefo mana ƙullin gero da ya samo wurin wani Bahaushe a birni, ya ce, "Ga shi, kada bayina su mutu in yi asara." Laminu ya daka shi a turmin aro, muka dama da ruwa, ba nono. Ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Igiyar ƙarfe ta tsinke tana cikin jan gungume, ta yi bulala ta sami Laminu a ciki. Ba jini a waje, sai wani jan layi daga haƙarƙari zuwa ƙugu. Ya ma tashi da kansa ya ce ba komai. Kafin mu kai shi ɗakin magani leɓɓansa sun yi fari, cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Ma'aikacin jinyar wurin, wanda muke kira majo, ya taɓa shi ya ce jini ne ke zuba a ciki, in ba a kai shi babban asibiti an buɗe shi yau ba, ba zai kwana ba. Ta mota kwana ake yi a hanya. Allah Ya sa jirgin Komanda yana fili.

Bai yi wasa ba ranar. Ya cire kujerun baya da hannunsa, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da Laminu, majo ya rataye robar ƙarin ruwa a jikin rufin ya sauka. Ni ya zaunar da ni gaba kusa da shi, ya ɗaure ni da ɗamara, ya sa mini abin ji a kunne don mu iya magana cikin ƙara. A gabana akwai sitiyari irin nasa. Ya ce, "Wannan ba naka ba ne. Ko me ka gani, hannunka a cinyarka."

Muka tashi. Na miƙa hannu baya na riƙe ƙafar Laminu, tana da sanyi. Da muka hau sama na ga nesa a karo na farko tun barinmu teku, amma nesa ce ta ganye, kore ko'ina, ba gona, ba hanya, ba ko tabon ƙasa. Na lura Komanda ba ya barin idonsa wuri ɗaya. Ya dubi agogunan da ke gabansa, ya leƙa ƙasa ta hagu, ya leƙa ta dama. Bayan mun yi tafiya mai tsawo ya nuna mini wani ɗan zane mai launin ƙasa a gefen kogi, kamar tabon wuƙa a jikin kabewa.

"Tsohon filin wani shantiye ne da aka tashi. In ka dame ni nan zan ajiye ka."

Ya faɗa ne don ya sa ni murmushi. Ban yi ba. Muka wuce shi.

Ba mu yi nisa sosai ba na ji wari kamar na kaskon da aka manta a wuta. Sai na ga ɗigo baƙi a gilashin gaba, ɗaya, sannan wani, iska tana jan su sama. Komanda ya ƙwanƙwasa wani agogo da yatsa. Allurarsa tana sauka a hankali, ta kusa da ita tana hawa.

Na ce, "Lafiya?"

"Baƙin mai ne ke zuba daga inji."

"Zai mutu?"

"In man ya ƙare zai mutu."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

Na saurara da kyau. Injin yana kuka yadda yake yi tun da muka tashi, bai yi tari ba, bai yi gargada ba. Komanda ya rage masa wuta kaɗan, ya yi magana da Faransanci a rediyo, muryarsa kamar mai cinikin goro. Na tsinci sunan kogin da kalmar "marar lafiya". Ya dubi gaba, inda gizagizai suka taru a kan wasu tsaunuka. Ya waiga ya dubi Laminu, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karkata sitiyari, fiffiken hagu ya yi ƙasa, jirgi ya fara juyawa.

Na ce, "Ina za mu?"

"Filin da na nuna maka."

"Akwai likita a can?"

"Babu."

"Asibitin fa?"

"Yana bayan tsaunukan can. Tsakaninmu da shi ba inda zan sa ƙafar jirgi. Shantiyenku kuma ya yi nisa a baya."

A nan ne shanun Tarka suka dawo mini. Na ga dabba mai rauni tana tafiya da ƙafafunta, rijiya tana gaba, ga wani yana so ya durƙusar da ita a hanya. Na san ƙarshen wannan, na gan shi da idona sau da yawa. Na ce, "Komanda, kada ka kwantar da shi! Yana tafiya! In ya kwanta ba zai tashi ba. Tura shi, don girman Allah, tura shi ya kai!"

Ya ci gaba da juya jirgin. Sai na kama wuyan hannunsa na dama da hannuwana biyu, da ƙarfin mai jan igiyar ƙarfe. Jirgi ya yi wani tangaɗi, na ji Laminu ya yi nishi a baya.

Komanda bai fizge ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Isiyaka." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar, kullum bawana ne. "Yanzu injin yana da sauran rai, ni ke zaɓen inda za mu sauka. In ya mutu, shi zai zaɓa. Sake ni."

Daga baya na ji muryar Laminu, siririya, na cire abin kunnen don in ji shi. "Yaya, bar shi. Ina son ƙasa."

Na sake shi.

Abin da ya yi bayan haka na gan shi kamar a mafarki, amma ban manta ko ɗaya ba. Bai yi gaggawar sauka ba, ya riƙe tsayinsa har sai da filin ya zo ƙarƙashinmu, don ko injin ya tsaya mu iya kaiwa. Gilashin gaba ya rufe da mai, sai ta tagar gefe yake leƙe. Ya kewaya yana duban filin, ciyawa ta cinye rabinsa, ga tururuwa ta yi gini a gefe ɗaya. Ya ce in ƙara ɗaure ɗamara, in zare sakatar ƙofata in bar ta a sake, don kada ta maƙale in mun bugu. Ya ce in juya in danne ƙafafun Laminu. Itatuwa suka taso mana ta kowane gefe, tsayinsu ya wuce mu. Ƙafafun jirgi suka daki ƙasa, muka yi tsalle, muka sake daka, ciyawa tana bugun ciki kamar ana sussuka. Muka tsaya dab da inda daji ya fara.

Injin yana nan yana kuka. Komanda ne ya miƙa hannu ya kashe shi.

Wannan shi ne abin da ya ƙone mini zuciya. Da ya mutu da kansa a sama, da na ce ƙaddara. Amma da ransa aka kwantar da shi.

Mutanen wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin suka fito da gudu. Suka taya mu ɗaukar Laminu zuwa wata rumfa. Komanda ya koma rediyo, ya dawo ya ce ba jirgin da zai iya zuwa kafin hadarin yamma ya rufe, mota kuma sai gobe za ta iso ƙarshen hanya, daga nan a zo da kwale-kwale. Ban dube shi ba.

Laminu ya ce a sauke shi daga katifa. Muka kwantar da shi a kan tabarma, ya zura hannu gefe ya dafa ƙasa, ya bar tafinsa a kai. Wata tsohuwa ta kawo ruwa a ƙwarya, na jiƙa masa leɓe. Ya tambaye ni ko a ganina an yi shuka a gida. Na ce an yi. Ya ce in gaya wa Dije tunkiyar da ya bari wurin kawunta tata ce. Da Komanda ya durƙusa kusa da shi, sai ya buɗe ido ya ce, "Bafillace, tsuntsun naka ma ramamme ne." Komanda ya ce, "Bawa ne ya yi masa nauyi." Laminu ya yi ɗan murmushi. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bina, har ya daina bina. Wajen la'asar ne.

Mutanen ƙauyen ba Musulmi ba ne, amma tsohuwar nan ta shiga ɗaki ta fito da farin zanen gado sabo, wanda na tabbata ajiyarsa take yi don wata rana tata. Ni da Komanda muka yi masa wanka. Ni ban san gabas ba a wurin, shi ya je ya duba abin da ke nuna masa hanya a jirgi, ya dawo ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa ya ce nan ce alƙibla. Masunta suka taya mu haƙa. A Damargu rairayi ke rufta maka kabari, a can saiwa ce ke tare ka, ruwa kuma yana tsattsafowa daga ƙasa. Muka shimfiɗa itace a ciki. Komanda ya yi limanci, ni kaɗai a bayansa. Na shiga ramin na karɓe shi, na kwantar da shi a gefen dama.

Da muka gama, muna tsaye hannuwanmu duk jar laka, na yi masa tambayar da ke cina.

"Da ka tura shi, da ya kai?"

Ya ce, "Wataƙila da ya kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, na taɓa jin wanda ya kai da irin wannan. Na kuma san waɗanda ba su kai ba." Ya nuna dajin da haɓarsa. "In jirgi ya faɗa nan, itatuwa buɗewa suke yi su rufe. Akwai abokina da ake nema har yau. Matarsa tana nan tana jira."

Washegari da kwale-kwale ya zo, shi ya tsaya wurin jirginsa yana jiran makanikai. Ya raka ni bakin ruwa ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Ya ba ka haƙuri." Na ce amin ina duban ruwa. Ban sake ganinsa ba, ban kuma taɓa jin abin da makanikan suka samu a cikin injin ba. Har gobe ban san ko da ya kai ba.

Ban koma shantiye ba. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, amma ba abin da na riƙe daga cikinta. Na sauka a Belbeji ranar kasuwa, na bi masu jakuna zuwa gida. An yi shuka, gero ya kai gwiwa.

Inna tana zaune a inuwar bukka tana tsince wake, Dije tana daka. Da suka gan ni ni kaɗai, taɓarya ta tsaya. Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ajiye faifan ta ce:

"Ji ka yi, ko gani ka yi?"

"A hannuna ya cika, Inna."

"An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa, da wani Bafillace."

"Salla fa?"

"An yi. Da hannuna na sa shi a kabari, fuskarsa na duban alƙibla. Akwai kogi kusa, akwai mutane a wurin."

Dije ta shiga ɗaki, na ji kukanta daga ciki. A ranar ta fara takaba, ta gama a lokacinta, bayan shekara ta yi aure a Tanut, ta haifi ƴaƴa, har yanzu suna zuwa gaishe ni.

Inna kuwa ta daɗe tana duban hanyar arewa, wadda Baba ya bi, hanyar da ta duba tun ina yaro. Sannan ta juyo ta ɗauki faifanta, hawaye na sauka a kan waken, ta ce:

"To. Wannan dai na san inda yake."